Fitila Mai Gyangyaɗi: Darasin Da Na Koya A Garejin Ƙetaren Gwari

Gabatarwa

A darasin fassara na zangon da ya wuce, malaminmu ya ce kowa ya kawo misalin inda kuskuren kalma ɗaya tak ya jawo asara. 'Yan ajinmu suka yi ta kawo misalai daga kotu da asibiti da gidajen rediyo. Ni kuwa na yi gum, domin misalin da nake da shi ni ne mai laifi a cikinsa. Tunda wannan mujalla tamu ce ta ɗalibai, kuma ba maki za a ba ni ba, na ga ya kamata in fito da shi fili ko wani ya amfana.

Kafin nan, bari mai karatu ya san da wa yake magana. Ni Bagware ne, ko in ce Gbagyi kamar yadda muke kiran kanmu. Ban sha Hausa a nono ba, a titi na tsince ta, a makaranta kuma nake gyara ta. Saboda haka idan aka ci karo da gwaranci sai a yi mini afuwa. Bayanin kuwa gwari-gwari zan yi shi, tunda Bahaushe ya riga ya ce gadon gidanmu ne.

Abin da maƙalar ta ƙunsa shi ne yadda ake gano abin da ke damun fitilun silin na cikin mota, irin na zamani da ake kira led, idan haskensu ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Wani zai ce ina ruwan ɗalibin harshe da wayar mota? To, a biyo ni.

Wurin da motar

Ƙetaren Gwari unguwa ce a cikin Minna wadda ta yi suna da garejin kanikawa da masu sayar da kayan gyaran mota. A allunan shaguna za ka ga an rubuta Keteren Gwari, amma duk mai jin Hausa ya san ƙetare ake nufi, wato ɗaya gefen, wajen Gwarawa. Ita kanta Minna jirgin ƙasa ne ya raya ta, bayan layin dogo na Baro zuwa Kano da aka kammala a 1911 ya ratsa ta, sannan ta zama babban birnin Jihar Neja a 1976. Dattawanmu kan ce sunan garin daga kalmomi biyu na harshenmu ya fito, masu ma'anar watsa wuta. Ashe maganar wuta ba baƙuwa ba ce a wurinmu.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, mai gyaran wayar mota ne a wannan gareji, wato rewaya a bakin 'yan sana'a. Lokacin dogon yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda ya ci wata takwas, na gaji da zaman gida na koma rumfarsa ina miƙa filaya da sukundireba.

A ƙasashen Turai da Amurka akwai motocin da ake ƙerawa kamar ɗaki, da gado da murhu da firji da famfo, iyali su shiga su tafi yawon hutu suna kwana a ciki. Kamfanin Winnebago na Amurka ya shahara da su, haka ma ƙananan bas na Volkswagen da ake mayarwa ɗakin kwana tun shekarun 1950. A shekarun 1970 da 1980 Turawa 'yan yawon buɗe ido sukan keto Sahara da irinsu, su biyo ta Agadas da Damagaram su sauka Kano. Mu a nan ba mu da wannan al'ada ta kwana a mota don nishaɗi, amma neman abinci ya sa muna da abin da ya yi kama da ita. Wani Alhaji mai sayar da magungunan dabbobi, wanda ba zan ambaci sunansa ba, ya cire kujerun bayan wata tsohuwar Toyota Hiace ya mayar da ita kanti kuma ɗaki. Yana cin kasuwannin ƙauye irin su Beji da Gwada da Kuta da Paiko, inda dare ya yi masa nan yake kwana. A cikin motar akwai katifa, da fanka, da fitilu huɗu a silin, da batir na biyu a ƙarƙashin kujera wanda faifan sola na kan rufi da injin motar ke yi wa caji. Abu mafi tsada a ciki shi ne wani ɗan firji mai aiki da batir, inda yake ajiye alluran rigakafin kaji da na awaki, irin waɗanda ake yi a Vom kusa da Jos. Irin wannan magani sanyi yake so, tsakanin digiri 2 zuwa 8, idan ya sha zafi ya zama ruwa kawai.

Inda na yi ɓarna

Wata ranar Talata a watan Agusta Alhaji ya kawo motar, Kawu kuma ya fita sayen kaya. Ni ya tarar. Ya ce, "Samari, idan Oga ya dawo ka gaya masa fitilun nan suna lumshe ido da dare. Zan dawo bayan la'asar."

Da Kawu ya dawo sai na ce masa, "Kawu, Alhaji mai magani ya ce fitilunsa suna ƙiftawa."

A kunnena a lokacin, lumshe ido da ƙifta ido duk abu ɗaya ne, ido ne ya rufe ya buɗe. Kawu ya kunna fitilun da rana tsaka, batir cike da cajin rana, firji kuma a kashe domin Alhaji ya kwashe maganinsa a kula. Ya bubbuga silin, ya ga ƙwai ɗaya yana ɗan motsi a mazauninsa, ya ce ai ƙwayayen ne masu arha. Aka sayo sababbi huɗu aka sa, Alhaji ya biya ya tafi.

Bayan kwana shida sai ga shi ya dawo, fuska ba annuri. Fitilu na nan yadda suke, kuma ya buɗe firji da safe a Gwada ya tarar da kwalaben magani babu sanyi, dole ya zubar da su. Kawu ya ce, "Alhaji, yi haƙuri, faɗa mini da bakinka yadda suke yi." Alhaji ya ce, "Oga, ai na gaya wa yaronka. Ba ƙiftawa suke ba. Lumshewa suke yi a hankali kamar mai gyangyaɗi, can sai su farka, bayan minti ɗaya ko biyu su sake." Kawu ya juyo ya dube ni, bai ce komai ba. Da ma ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Me ya sa ƙwan led ba ya ɓoye sirri

Sai an san halin ƙwan kafin a gane dalilin da ya sa kalmar take da nauyi haka. Tsohon ƙwan mota yana da ɗan siririn zare na ƙarfe a ciki wanda wuta ke gasawa har ya yi haske. Ƙarfe ba ya hucewa nan take, don haka ko wuta ta ɗan yanke na ƙiftawar ido, zaren na nan da zafinsa, mai kallo ba zai lura ba. Ƙwan led ba ya da zare. Wani ɗan ƙanƙanen abu ne da ake kira dayod, kamar ƙofa ce mai barin wuta ta wuce ta gefe ɗaya kawai, kuma yayin wucewar yake fitar da haske. Wani Ba'amurke mai suna Nick Holonyak ya samar da mai jan haske a 1962. Mai shuɗin haske ya ba masana wahala har farkon shekarun 1990, lokacin da wasu Japanawa uku, Akasaki da Amano da Nakamura, suka ci nasara, aka ba su kyautar Nobel a 2014. Farin da muke gani a silin da tocila shuɗin nan ne aka shafa masa wani sinadari ruwan ɗorawa a sama. Tunda babu abin da ke riƙe zafi, duk motsin da wuta ta yi, hasken zai yi shi a daidai wannan lokaci. Shi ya sa mutane da yawa kan ce ai da tsofaffin ƙwayaye ba su ga wannan matsala ba. Matsalar tana nan tun da, tsohon ƙwan ne yake rufa mata asiri.

Abu na biyu shi ne lissafi. Kowane ƙwayar farin led yana buƙatar kimanin bolt 3. A fitilun mota masu arha akan jera uku a layi ɗaya, su ci bolt 9, sannan a sa wani ɗan abu mai rage gudun wuta ya shanye sauran 3 daga cikin 12 na batir. Wanda ya taɓa yanka irin fitilar nan mai kama da igiya ya san ana yanka ta ne bayan kowane ƙwai uku. To idan ƙarfin wuta ya sauka daga 12 zuwa 10 da ɗoriya, ba kashi ɗaya cikin shida na haske ke tafiya ba, wajen rabi ne, domin rarar nan ta bolt 3 ce ta koma ɗaya da 'yan kai. Haka kuma idan inji na aiki wuta ta hau 14.4, abin da ke ratsa ƙwan yakan ƙaru da fiye da rabi, ya yi zafi, ya tsufa da wuri.

Kowace kalma da cutarta

A wannan yammaci Kawu ya zaunar da ni, ya ce tunda ni ne malamin Hausa, in lissafo masa duk yadda Bahaushe ke faɗin fitila ba ta da lafiya, shi kuma zai gaya mini inda zai fara sa hannu a kan kowanne. Abin ya ba ni mamaki, domin kusan kowace kalma tana da wurinta a jikin mota.

Idan mai mota ya ce tana ƙiftawa, ko yana cewa ƙyaf-ƙyaf take yi, to haske yana yankewa ne gaba ɗaya ya dawo nan da nan. Wannan alamar hanya ce da ke rabuwa tana haɗuwa. Tambayar da ke biye ita ce, yaushe? Idan sai an faɗa rami ko an buga ƙofa, to wani abu ne ya saki: ƙwai a mazauninsa, ko makunni, ko fiyus da bakinsa ya buɗe, ko wayar da aka murɗa da hannu aka naɗe da baƙin salatif. Wanda ya bi hanyar Bida a damina a wancan lokaci ya san babu haɗin da zai daɗe bai girgiza ba. Sai kuma tambaya ta biyu, ɗaya ce ko duka? Idan fitila ɗaya ce, cutar na jikinta ko kusa da ita. Hanya mafi sauƙi ita ce a musanya ta da 'yar'uwarta mai lafiya. Idan ƙiftawar ta bi ƙwan zuwa sabon wuri, ƙwan ne. Idan ta tsaya a tsohon wuri, waya ce ko mazauni. Idan kuwa duka huɗun ke yi a tare, sayen sabon ƙwai asarar kuɗi ce, domin ƙwai huɗu ba sa haɗa baki su lalace a daƙiƙa ɗaya. Sai a nemi abin da suka yi tarayya a kansa. Wannan tambaya ita ce ba mu yi wa Alhaji ba a ranar farko.

Idan ya ce tana kyarma, ko makyarkyata kamar mai zazzaɓi, haske bai yanke ba amma yana rawa da sauri, sai a tambaye shi ko inji na kunne. Altaneta, wato abin da ke yi wa batir caji, asalin wutar da yake samarwa mai kai da komo ce irin ta gida, sai dayod shida da ke cikinsa su daidaita ta ta koma mai tafiya gefe guda irin ta batir. Idan ɗaya ya ƙone, ragowar kai da komon nan yakan tsallako, fitila ta yi ta rawa, kuma rawar tana canzawa idan aka taka totur. Ana juya mita zuwa ma'aunin wutar gida a ɗora a kan batir inji na aiki. Idan ta nuna abin da ya kai rabin bolt, altaneta na buƙatar likita. Fanbel da ya saki ma yakan kawo irin wannan. Idan inji a kashe yake amma ana kyarma, sai a duba ko an sa wa fitilun abin rage haske. Yawancin irinsa kashe wuta yake yi yana kunnawa sau ɗaruruwa a daƙiƙa, mai arha kuma yakan yi jinkirin da ido zai kama. Kyamarar wayar hannu tana tona shi, za a ga baƙaƙen layuka suna gudu a hoton.

Akwai kuma wadda takan kama tar da farko, sai bayan minti goma ko sha biyar ta fara kawowa tana ɗaukewa a kan ƙa'ida kamar sigina. Wannan zafi ne. Kayan cikin ƙwan sun gasu, musamman a silin ɗin mota da ya wuni a ranar Minna ta watan Maris. A nan kam ƙwan ne mai laifi, kuma maganinsa a sayi wanda aka rubuta a kwalinsa cewa yana ɗaukar bolt 10 zuwa 30, domin irinsa yana da abin da ke daidaita wa kansa wuta.

Sai lumshewa, wadda ita ce ta Alhaji. Haske ya dusashe a hankali, ya yi dishi-dishi, sannan ya dawo. Hanya ba ta yanke ba, wuta ce ba ta isa. Wani abu mai ci da yawa ya tashi ya janye rabon fitila. A motocin shaƙatawa na Turawa, famfon ruwa ne ya fi yin haka, duk lokacin da aka buɗe famfo fitila ta lumshe. A motar Alhaji babu famfo. Kawu ya ce, "Alhaji, me ke tashi da kansa a motar nan da dare?" Kafin ya rufe baki Alhaji ya ce firji.

Abin da mita ta nuna

Muka jira magariba ta yi, muka kunna fitilu da fanka, muka jona firji. Ba a yi minti ɗaya ba sai ga gyangyaɗin, daidai yadda Alhaji ya siffanta. Na tsaya ina kallo, a raina ina cewa lallai babu kalmar da ta fi wannan dacewa.

Batir mai lafiya da ya huta yakan nuna 12.6 idan ya cika, wajen 12.2 idan ya yi rabi, ƙasa da 12 kuwa ya kusa ƙarewa. Na Alhaji ya nuna 12.5, da firji ya tashi ya sauka 12.3. Ke nan batir ba shi da laifi. Da a ce ya faɗi zuwa 11 ko ƙasa, da sai mu ce ya mutu, ko kawunansa sun yi farin gari suna son wanki. Kawu ya ɗauki mita ya koma bakin fitilar baya. Firji na hutawa, 12.3. Firji ya tashi, 10.3. Bolt biyu sun ɓace tsakanin ƙarƙashin kujera da silin, tafiyar da ba ta kai taku goma ba.

A nan ne na ga dabarar da ta fi burge ni. Maimakon ya auna wutar da ta iso, sai ya auna wadda ta ɓace. Ya ƙara wa mita doguwar waya, ya ɗora baki ɗaya a kan jan kan batir, ɗayan a inda jar waya ta ƙare, firji na aiki. Mita ta ce 0.9. Da muka ɓalle silin muka ga dalili: wanda ya fara haɗa wayar ya yi amfani da siririyar wayar gida ce mai kaurin 0.75, ya zagaya da ita ta ginshiƙin ƙofa, ta bi rufi, ta ciyar da fitilu, sannan ta sauka baya ta ciyar da firji, tsawon wajen mita takwas. A gida irin wannan waya ba ta da laifi. Abu mai cin wat 60 a wutar gida ta bolt 230 kimanin rubu'in amfiya yake ja. Shi wannan abu a batir mai bolt 12 amfiya 5 yake ja, kusan ninki ashirin. Kamar a ce ruwan da ke bin kwalbati ne aka tura shi ta bakin buta. Sannan asarar bolt ɗaya a cikin 230 ba a jin ta, amma a cikin 12 babban giɓi ne. Kawu ya kankare bakin wayar da reza, sai ga fari a ƙarƙashin ja. Wato ba tagulla zalla ba ce, alminiyom ne aka yi wa rufi, wanda ya fi tagulla riƙe wuta. Irinta ta yi yawa a kasuwa, mai saye ya riƙa kankarewa kafin ya biya.

Saura bolt ɗaya da ɗigo ɗaya. A mota, wuta takan tafi ta jar waya ta dawo batir ta jikin ƙarfen motar. Don haka kowace fitila tana da baƙar waya da ake ɗaurewa a bodi. Kawu ya ɗora mita tsakanin baƙin kan batir da baƙar wayar fitila. Ya kamata ya ga abin da bai wuce 0.1 ko 0.2 ba, sai ya ga 1.1. Muka bi baƙaƙen wayoyin, muka tarar duka, har da ta firji, an tattara su a kan sukuru guda ɗaya da aka huda a haƙarƙarin rufi, a kan fenti, ba tare da an kankare ba. Daidai samansa kuma akwai hujin da aka yi don ɗaure faifan sola, ruwan Agusta yana ɗiga ta nan. Sukurun ya yi tsatsa jawur. Kawu ya ce in taɓa. Na taɓa na janye hannu ba shiri.

Wannan wuri ya kamata a tsaya a kansa, domin ya wuce maganar haske. Bolt 1.1 sau amfiya 5 ya ba da wat biyar da rabi, duk a tattare a kan abin da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, a manne da soson silin, a saman kan mutumin da ke barci da ƙofofi a kulle. Soson da ke kewaye da shi har ya soma canza launi. Kuma fiyus ba zai taɓa ƙonewa saboda wannan ba, domin shi yawan wuta yake tsaro, a nan kuwa wutar ba ta ƙaru ba, raguwa ma ta yi. Shi firjin yana da abin da ke kashe shi idan wuta ta yi ƙasa, don kada ya tsotse batir. Sai ya tashi, wuta ta faɗi, ya kashe kansa, wuta ta dawo, ya huta kaɗan ya sake gwadawa. Haka ya kwana yana yi bai sanyaya komai ba. Da rana sola na ɗaga wutar, shi ya sa bai nuna ba. Fitilun nan labarin firji suke bayarwa tun farko, kuma Alhaji ya kawo labarin daidai, a bakina ya lalace.

Gyaran bai ɗauki awa biyu ba. Aka fara cire baƙin kan batir, kamar yadda ake yi kullum kafin a taɓa waya, Kawu kuma ya sa na cire agogona na ƙarfe. Aka ja wa firji tasa waya mai kaurin 4, ja da baƙa, kai tsaye daga batir ta ƙasa, da fiyus ɗinsa dab da kan batir. Fitilu suka zauna a layinsu su kaɗai. Aka goge ƙarfe da samfefa har ya yi ƙyalli, aka matse bakin wayoyi a zobe, aka ɗaure da noti, aka shafa giris, aka toshe hujin rufi. Da firji ya sake tashi, mita a bakin fitila ta nuna 12.2, haske ko gezau.

Abin da ɗalibin harshe zai tsinta

Tun daga ranar na sayi ɗan littafi ina rubuta kalmomin gareji. Abin da na fara lura da shi shi ne kayan aiki kusan duk aro ne, amma bayanin cuta Hausa ce tsantsa. Batir, fiyus, filaya, sufana, samfefa, fanbel, sukundireba, duk daga Ingilishi suke, an gyara su sun bi tsarin gaɓar Hausa: an cusa wasali tsakanin baƙaƙen da suka cunkushe, p ta koma f, v ta koma b. Wannan na ƙarshe ya sa ma'aunin wuta da ƙusar da ake ɗaura wa noti suka zama suna ɗaya a bakinmu, sai jimla ta raba gardama. Amma da za a faɗi abin da fitila ke yi, sai a koma jikin ɗan Adam: ƙifta, lumshe, kyarma, gyangyaɗi, farka, mutu. Sannan ga amsa-kama, ƙyaf-ƙyaf, tar, dishi-dishi, ɗif. Bargery ya wallafa ƙamusunsa a 1934, shekara 28 kafin a ƙirƙiro ƙwan led, amma kalmomin ido da barci da Bahaushe ke da su tun kafin nan su ne suka ishi bakanike a yau.

Baƙar wayar nan ta bodi ma tana da nata labari. Sunanta na Ingilishi, earth, yana ƙarewa da sautin da babu shi a Hausa ko Yarbanci ko harshenmu. A rumfa ɗaya za ka ji yaro Bahaushe ya ce as, maƙwabcinsa Bayarabe ya ce at, kuma kowa ya gane. Wanda ke neman batun kundin digiri a kan tsarin sauti, ga shi nan a ɓagas. Alhaji kuwa fitilar leda yake cewa, tunda a cikin roba take zuwa, kuma ban ga dalilin gyara masa ba.

Masu sha'awar giredin aikatau na Parsons, wanda ya fitar a 1960, su dubi an ɗauke wuta da an kawo wuta. Ɗauke giredi na huɗu ne, mai nuna an kwashe duka. Kawo na shida ne, mai nuna tahowa wajen mai magana. Mu 'yan jihar da ke da madatsun Kainji da Shiroro da Zungeru mun fi kowa maimaita waɗannan jimloli biyu. Ita kanta kalmar wuta, a cikin wannan maƙala kaɗai ta ɗauki ma'anar lantarki da ƙarfinsa da yawansa da haske, har da gobarar da Allah ya kiyaye. Turanci na da kalma daban ga kowanne, shi ya sa mai fassara littafin koyon sana'a zuwa Hausa zai sha aiki a wannan gaɓa.

Ni abin da ya fi ba ni wuya shi ne jinsi, domin harshenmu ba ya raba namiji da mace a nahawu. Fitila ta mutu amma ƙwai ya mutu, waya ta saki amma fiyus ya ƙone. Rannan na ce wa Kawu "ya ƙone" ina nufin fitila, ya tafi yana neman fiyus.

Da aka gama aikin, Kawu ya ƙi karɓar kuɗin hannu, ya ce kuɗin waya kawai Alhaji zai biya, ya kuma mayar masa da tsofaffin ƙwayayensa huɗu a leda tunda lafiyarsu ƙalau. Kuɗin maganin da ya zube kuwa babu wanda ya iya biya, Alhaji ma bai nema ba. Na je na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ce, "Ba komai ɗana, haka Allah ya so. Me kake karantawa a jami'ar?" Na daɗe ina kallon ƙasa kafin na ce Hausa. Yaran gareji suka fashe da dariya, shi ma ya yi har da riƙe ciki, ya shiga mota ya kunna fitilun ya ce in zo in gaya masa da Hausar jami'a me suke yi yanzu. Na leƙa na ce, "Alhaji, sun tsaya cak." Ya ce wannan kam na faɗa daidai, ya ja motarsa ya nufi hanyar Paiko.